Waiwaye: yadda ciwon hanta na C ya laɓe a bayan ƙanjamau

Kafin maganin ƙanjamau ya wadata babu mai lokacin duba hantar mara lafiya, don tarin fuka ko gudawa kan ɗauke mutum tun kafin hantar ta nuna wata alama. Najeriya ta fara sanar da samun ƙanjamau a 1986, lokacin ciwon hanta na C ko suna bai da shi, likitoci na ce masa wanda ba A ba kuma ba B ba, sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙwayar. Ke nan shekara da shekaru ana ƙarin jini a asibitocin duniya ba tare da an iya tantance shi ba.

Dukansu biyu ta jini suke bi, shi ya sa suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Amma C ya fi naci a allura da aska, ta saduwa kuma bai cika yaɗuwa kamar ƙanjamau ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 2.3 masu ƙanjamau ne ke ɗauke da alamar C, fiye da rabinsu masu yi wa kansu allurar ƙwaya. A nan gida binciken ƙasa na 2018 ya samu ƙanjamau a kashi 1.4 na masu shekara 15 zuwa 49, a masu shekara 15 zuwa 64 kuma ciwon hanta na B kashi 8.1, na C kashi 1.1. Za ka ce ai kaɗan ne, to amma ka tsaya bakin kasuwa a Kawo ko Tudun Wada ka ga mai yankan farce ya gama da wani ya goge almakashi a tsumma ya kama yatsan na gaba, ga kaho, ga sakiya, ga allurar kemis ta bayan kanta, sai ka daina raina kashi ɗayan nan.

Kuma ƙwayoyin cutar ba iri ɗaya ba ne ko'ina. C na da manyan iri shida, daga baya aka samu na 7 a Kwango da na 8 a Indiya. Na 1 ya fi yawa a duniya, na 2 tsohon ɗan gida ne a Afirka ta Yamma, na 4 kuma shi ya addabi Masar, inda gangamin allurar tsargiya da gwamnati ta yi shekaru tana yi da sirinjin da ba a dafa da kyau ba ya baza shi ƙauye-ƙauye. Ƙanjamau ma haka, wanda ya fi yawo a Najeriya shi ne G da wani gauraye na A da G.

Da can sanin irin C ɗin dole ne, domin allurar intaferon ake yi har kusan shekara guda, ga zazzaɓi ga kasala, kuma masu na 1 da ƙanjamau tare da yawa ba sa warkewa. A ƙarshen 2013 maganin sofosbuvir ya fito a Amurka kan dala 84,000, kuɗin da ko a mafarki, amma yanzu akwai na Indiya mai sauƙi, ƙwaya ce ta sati 12, sama da kashi 95 na warkewa, mai ƙanjamau ma haka, kuma haɗin da ake bayarwa yanzu kusan kowane iri yana kamawa.

Abin da ke damuna shi ne, ƙwayar da masu ƙanjamau ke karɓa kyauta tana danne B ma saboda tenofovir da ke ciki, amma ba ruwanta da C, kuma ƙanjamau na sa hantar mai C ta ƙanƙance da wuri. Sai mutum ya yi shekara goma yana shan magani lafiya lau, awon jini na nuna ƙwayar cutar ƙanjamau ta kwanta, hantarsa kuwa tana lalacewa ba ciwo ba komai. C ba shi da rigakafi irin na B. Gwajinsa da maganinsa galibi daga aljihun mutum ne, don haka in ka je karɓar magani a asibitin Barau Dikko na Kaduna ko na Shika a Zariya, kai da kanka za ka buɗe baki ka ce likita a duba min C.