Gidan tapas a Sifaniya: tambayoyin da baƙo ke yi kafin ya shiga

Wai mene ne tapas ɗin nan, abinci ne ko wuri ne?

Tapas ba sunan girki ɗaya ba ne. Duk ɗan abin taɓawa da aka zubo a ƙaramin faranti domin a ci tare da abin sha, sunansa tapa, jam'insa tapas. Yana iya zama 'ya'yan zaitun guda shida, ko yankan cuku a kan burodi, ko soyayyen dankalin turawa da miya mai yaji. Abin da ya haɗa su shi ne ƙanƙanta da kuma yadda ake cin su: a tsaye a jikin kanta, cikin hayaniya, kowa na miƙa hannu cikin farantin da ke tsakiya. Mutanen Sifaniya har fi'ili suka yi wa abin, tapear, wato a fita yawon cin tapas. Ana shiga wannan gida a taɓa abu ɗaya ko biyu, a fita a shiga na gaba, har ciki ya cika ba tare da an zauna an ci abincin dare ba.

Daga ina sunan ya samo asali?

A harshen Sifaniyanci, tapa na nufin murfi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne masu shaguna a Andalus, kudancin Sifaniya, kan ɗora yankan burodi ko nama a bakin kofi don kada ƙuda ko ƙura su faɗa ciki, kamar dai yadda ake rufe ƙwarya da faifai. Daga baya sai murfin ya zama abin ci. Akwai kuma masu danganta abin da Sarki Alfonso na Goma, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, wai ya yi rashin lafiya ne aka ce ya riƙa ɗan cin wani abu duk lokacin da zai sha. Wasu kuma Alfonso na Goma Sha Uku suke kamawa, a wata ziyara da ya kai Cádiz ana iska mai yashi, wai aka rufe masa kofi da yankan nama. Waɗannan duk hikayoyi ne na baka, kowane gari da wadda ya fi so. Masu maganar murfi ne kaɗai suka dace da ma'anar kalmar.

Da gaske ne kyauta ake bayarwa?

Ya danganta da garin. A Granada, da Almería, da Jaén, da León, ka sayi abin sha kawai sai a turo maka faranti ba ka nema ba, kamar gyaran da mai ƙosai ke ƙara maka. A Granada ko lemon kwalba ka saya ana ba ka. A wasu gidajen ma'aikaci yana riƙe da lissafi a kai: zagaye na farko da tasa tapa, na biyu da wata dabam, kuma sau da yawa ta biyun ta fi ta farko kyau. Saboda haka ɗalibai suke son garin, domin da kuɗin kofi uku mutum ya gama da batun abincin dare. Sai dai ka sani, a gidaje da yawa kyauta ba a zaɓa. Abin da ya fito daga kicin shi za a ba ka, kuma ga Musulmi a nan gizo ke saƙar, za mu zo kansa.

A Sevilla da Barcelona kuwa galibi saya ake yi. A Madrid ana ɗan ba da abu kaɗan, zaitun ko gyaɗa ko soyayyen dankali, sauran ka biya.

To yaya ake yin oda? Na ji wurin ba layi ba tsari.

Akwai tsari, ba a rubuce yake ba ne kawai. Kada ka tsaya a bakin ƙofa kana jiran a zo a kai ka tebur, za ka daɗe. Kutsa ka samu ɗan gurbi a kanta, ka haɗa ido da mai kula da ita, ka faɗi abin da kake so da ƙarfi kuma a taƙaice. Ana fara da abin sha, abinci ya biyo baya.

Girman faranti uku ne. Tapa na mutum ɗaya ne, cokali uku ko huɗu. Media ración rabin faranti ne, ya ishi mutum biyu su ɗanɗana. Ración cikakken faranti ne na jama'a. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne mutum biyu su nemi ración biyar a lokaci guda saboda sun ga sunaye masu daɗi, sai tebur ya cika, abinci ya huce. Nemi biyu, ku ci, ku ƙara.

Wani abin lura: gidaje da yawa suna da farashi daban ga wanda ya tsaya a kanta, da wanda ya zauna a tebur, da wanda ya zauna a waje kan baranda. Na waje ya fi tsada, wasu ma ba sa kai ƙaramar tapa can sai ración.

Mene ne bambancinsa da pintxos?

Pintxos na yankin Basque ne a arewa, musamman San Sebastián da Bilbao. Ana jera su a kan kanta, yawanci a kan yankan burodi da tsinke a soke, kowanne da kuɗinsa. Wasu gidajen tsinkayen da suka rage a farantinka suke ƙirgawa, wasu kuma kai za ka faɗi nawa ka ci a yarda da kai.

Musulmi fa, me zai iya ci a irin wannan wuri?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, domin naman alade ya ratsa girkin Sifaniya ta ko'ina. Cinyoyin da za ka gani rataye a saman kanta, su ne jamón, alade ne da aka busar da gishiri. Chorizo, lomo, panceta da morcilla duk daga gare shi suke, na ƙarshen ma da jini ake yin sa. Waɗannan a fili suke. Inda ake zamewa shi ne inda aka ɓoye shi. Croquetas, 'yan dunƙule masu laushi a ciki, galibi da gutsattsarin jamón ake yin su. Salmorejo na Córdoba, kunun tumatir da burodi mai sanyi, ba nama a cikinsa amma ana barbaɗa jamón a kai. Mafi yaudara shi ne pincho moruno: tsire ne, sunansa ma na nufin tsiren mutanen Magrib, wato Arewacin Afirka, kayan yajinsa na can ne, amma a gidaje da yawa da alade ake yin sa. Ka kuma kula da kalmomin al vino da al jerez, ma'anarsu an dafa da giya.

Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su ƙwai, madara, gyaɗa da kifi. Alade ba ya cikinsu, don haka alamomin da ke jikin takardar abinci ba za su cece ka ba. Sai ka buɗe baki. Ka ce "sin cerdo", ba alade, ka kuma ƙara da "sin jamón", domin akwai masu hidimar da idan ka ce ba ka cin nama, ba sa lissafa ɗan jamón ɗin da aka barbaɗa a matsayin nama.

Abin da ya rage yana da yawa. Tortilla de patatas, wainar ƙwai mai kauri da dankali, wani lokaci da albasa. Patatas bravas, soyayyen dankali da miya mai yaji. Gambas al ajillo, jatan lande da ke zuwa yana tafarfasa cikin man zaitun da tafarnuwa a ƙaramin kasko na ƙasa, mai har sai ka tsoma burodi ka share shi tas. Boquerones, ƙananan kifaye a ruwan tsami ko a soye. Alayyafo da wani wake mai kama da gujiya, abincin Sevilla. Sai barkonon Padrón, ƙanana kore da ake soyawa a watsa musu gishiri: yawancinsu ba yaji, amma cikin faranti akwai ɗaya ko biyu da ke jiran wanda tsautsayi ya faɗa wa. Ga wanda ya saba da attaruhu, wasa ne.

Af, idan ka ji an ce aceituna, zaitun ke nan, aceite kuma mai. Daga Larabci duka suka fito, gadon zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492.

Amma ai mashaya ce. Ya halatta a zauna?

Gaskiya ne ana sayar da giya, ko da yake gidan tapas ya fi kama da dandalin unguwa: tsofaffi, iyaye da yara a keken jarirai, ma'aikata da suka tashi daga aiki. Duk da haka akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma da yawa saboda shi ba sa shiga sam. Wannan hukunci ne da mutum zai nema wurin malaminsa. Wanda ya zaɓi kauce wa wurin bai rasa komai ba a Granada, inda titin Calderería Nueva ke cike da gidajen shayi da abincin Maroko na halal. Wanda kuma ya shiga, akwai mosto, ruwan inabi ne da bai zama giya ba (amma a yankin Sevilla da Cádiz sabuwar giya ma mosto ake ce mata, sai ka tambaya), akwai lemo da ruwan 'ya'yan itace. Tun 2022 doka ta ce a ba mai buƙata ruwan famfo kyauta.

Ƙarfe nawa ake zuwa?

A makare. Abincin rana daga ƙarfe biyu ne, na dare daga tara. Ka je ƙarfe shida na yamma, kicin a rufe. Wani ɓangare na dalilin agogo ne: a 1940 gwamnatin Franco ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, ba a kuma mayar ba. A watan Yuni, sai kusan goma saura kwata na dare rana ke faɗuwa a Madrid, ka ga Magariba da cikar gidajen tapas kusan tare suke zuwa.

Biyan kuɗi fa?

Sai an gama. Ka ce "la cuenta", a kawo. Abokai kan raba daidai, ko kuma kowa ya ɗauki nauyin gida ɗaya a yawon. Tukwici ba dole ba ne, barin 'yan canji ya wadatar. A El Rinconcillo na Sevilla, wanda aka buɗe tun 1670, da alli ake rubuta lissafinka a kan katakon kanta daidai gabanka, duk abin da ka ƙara a ƙara lamba, idan ka biya a goge da tsumma.