Preston ta riga Arsenal gama kaka babu shan kashi

A gidan kallon ƙwallo, da musu ya yi zafi sai ka ji wani yana buga benci, wai Arsenal kaɗai ta taɓa gama gasar Ingila ba a doke ta ba. Ba haka ba ne. Preston North End ta yi hakan tun a kakar farko, 1888-89, lokacin ƙungiyoyi 12 ne kacal, babu ko ɗaya daga Landan. Wasa 22 ta buga, ta ci 18, canjaras 4.

Abin da ya fi burge ni shi ne Kofin FA na shekarar. Ta ɗauke shi ba a zura mata ko ƙwallo ɗaya ba, ta lallasa Wolves 3-0 a wasan ƙarshe.