Noman lambu a ƙasar Katsina da Daura

Noman lambu shi ne noman kayan miya da ganyaye a ƙaramin fili kusa da ruwa, galibi da rani, wanda magidanci da 'ya'yansa ke yi da hannunsu. A ƙasar Katsina da Daura, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, an fi yin sa a fadamu da gefen madatsun ruwa irin su Ajiwa, Jibiya, Zobe da Sabke. Tumatir da albasa da attaruhu ne kan gaba, sai latas, kabeji, karas da alayyafo.

Aiki kan fara da kaka, bayan an kau da amfanin damina. Ana renon iri a gefe, a dasa tumatir bayan sati uku zuwa huɗu, albasa kuwa sai ta kai sati shida ko fiye. Da yamma ake dashe, don kada rana ta kwantar da shi. Ana yanka filin fangali-fangali a kora ruwa. A da da jigo ake ɗebowa, yanzu inji ya karɓe aikin. Ƙasa mai yashi na son ruwa duk kwana biyu ko uku, amma in ya kwanta saiwa ruɓewa take yi.

Ƙarfin lambu yana ga taki. Takin zamani na tashin shuka da sauri, amma ba ya gyara jikin ƙasa. Wannan sai kashin awaki da na shanu da toka. Dole ya ruɓe tukuna, domin ɗanyensa yana ƙona saiwa, ya kawo gara da ciyawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne maimaita tumatir a wuri guda, ko a bi bayansa da tattasai ko gauta, alhali danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya: saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, shuka ta tsumbure. Albasa ko masara ya kamata su shiga tsakani. A 2016 tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatir a Arewa, har Katsina.

Filin kansa ma yana ƙarewa. Rabon gado na tsattsaga gandu har kason mutum ya kasa ciyar da gida, sai ya sayar. A bakin gari ana yanka gonaki fuloti, ana haƙar ƙasa don bulo. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora amanar ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka gonar da ba ta da takarda tana da rauni in gari ya iso ta. Wasu gidaje kan bar lambun a dunƙule, su riƙa raba amfanin kawai.