Waiwaye: Yadda laccocin tarihi da adabi suka koma intanet

A fannonin tarihi, adabi, falsafa da harsuna, jami'a na da hanyoyi biyu na tara mutane. Akwai lacca, inda malami ke magana ana saurare. Akwai kuma zaman ƙara wa juna sani, inda mutane kaɗan ke zagaye teburi da rubutu ɗaya a gabansu, suna musu kan abin da jimla guda take nufi. Na biyun a jami'o'in Jamus ya yi ƙarfi. A ƙarni na 19 masanin tarihi Leopold von Ranke ya riƙa tara ɗalibansa a Balin suna tantance tsofaffin takardu tare.

Lacca ba ta sha wuyar barin aji ba. An kafa Open University, jami'ar karatu daga gida, a Birtaniya a 1969, daga 1971 kuma BBC ta fara watsa darussanta ta rediyo da talabijin. Da intanet ta zo, Jami'ar Yale ta saki cikakkun darussa kyauta a 2007, ciki har da na malamin falsafa Shelly Kagan kan mutuwa, wanda yake gabatarwa a zaune bisa teburinsa, ƙafafu a harɗe. A 2009 darasin Michael Sandel na Harvard kan adalci ya biyo baya, sai dandalolin karatu ta intanet na Coursera da edX a 2012. Duk da haka, mai kallo ba shi da bakin magana. Cikin waɗanda suka gane wannan giɓi akwai Al Filreis na Jami'ar Pennsylvania, wanda ya ɗauki bidiyon kansa da ɗalibai a teburi suna warware waƙa baiti bayan baiti, ya kuma riƙa buɗe zama kai tsaye don na nesa su sa baki.

Manyan taruka kuwa sun daɗe suna turjiya. A 2016 Ken Hiltner ya shirya taro a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara kan sauyin yanayi ba tare da kowa ya hau jirgi ba: masu maƙala suka aiko da bidiyo, aka yi makonni ana tambaya da amsa a rubuce. Ba kowa ya bi sahunsa ba sai da korona ta tilasta. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annobar a ranar 11 ga Maris, 2020, jami'o'i suka rufe, masu shiga tarukan Zoom a kullum suka tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu. Ƙungiyar MLA ta malaman harsuna da adabi ta yi taronta na Janairun 2021 ta intanet.

A nan ne abin da ya fi damuna yake. Wannan lokaci ya nuna yawan masanan da kuɗin jirgi, biza, raino ko larurar jiki suka daɗe suna tsarewa a waje. Ɗalibin da bai taɓa samun tallafin tafiya ba ya ɗaga hannu, marubucin littafin da yake nazari ya amsa masa da kansa. An yi asara ma, ba a musu: hirar bayan taro, inda ake ƙulla zumunci da samun mai duba aiki, ba ta samuwa a allo, ga netwok da ke yankewa ana tsaka da tambaya.

Da aka koma ɗakunan taro, sai aka shiga haɗa na kusa da na nesa, kuma sau da yawa na nesa suka zama 'yan bora. Mai tambaya a ɗaki ba ya riƙe makirfo, don haka ba sa jin sa. Tambayoyinsu na rubuce suna nan jibge har lokaci ya ƙare. Gyaran ba mai tsada ba ne. A tura maƙalar tun kafin ranar, a sauya sa'ar zaman lokaci-lokaci saboda bambancin agogo, a kuma ware mutum ɗaya a ɗakin wanda aikinsa kawai shi ne karanto tambayoyin na nesa.