Warantin benci a Amurka: yadda ake gano shi da yadda ake sauke shi

A ce mutum yana tuƙin Uber a Amurka, ɗan sanda ya tare shi da dare saboda fitilar bayan motarsa ta mutu. Ya miƙa lasisi, ɗan sandan ya koma mota ya danna sunan a kwamfuta. Bayan minti biyar ya dawo ya ce masa ya fito, ya mai da hannu baya. Fitila ba ta kai a sa wa mutum ankwa ba. Shekara biyu da suka wuce ne aka ba shi wata 'yar takarda mai ɗauke da ranar zuwa kotu, ranar ta riske shi yana gida wajen zaman makokin mahaifiyarsa, da ya dawo kuma hidima ta sha kansa.

Abin da ya kama shi sunansa warantin benci. Bencin da ake nufi shi ne mazaunin alƙali, domin daga nan umarnin ke fitowa. Mai bin labaran kotu a Najeriya ya saba jin irinsa: wanda ake tuhuma ya ƙi zuwa, lauyan gwamnati ya roƙi kotu a kamo shi. Warantin kamu na yau da kullum 'yan sanda ne ke nemansa, su rantse cewa suna da hujjar zargin mutum da laifi. Warantin benci kuwa alƙali ke bayarwa da kansa don an saɓa umarnin kotu: an ƙi zuwa ranar zama, ko an bar tara ba a biya ba, ko an karya sharaɗin sassauci da aka gindaya bayan hukunci, ko an kira mutum shaida ya yi biris.

Yawancin masu faɗawa ciki ba gudu suka yi ba. Wani ya sauya gida, wasiƙar kotu ta tafi tsohon adireshi. Wani kuma rubutun kwanan wata ya ruɗe shi, don Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. In ka ga 04/05 a takardar kotu, 5 ga Afrilu ke nan. Wanda ya taso a Kano ko Yamai ko Kumasi zai karanta 4 ga Mayu, ya je kotu da wata guda a makare.

Warantin ba ya tsufa. In laifin ƙarami ne, da wuya a zo ƙwanƙwasa maka ƙofa, sai dai ya kwanta a kwamfuta yana jira. Wasu gundumomi kan shigar da shi rumbun bayanai na hukumar FBI mai suna NCIC, wanda aka kafa a 1967, kuma jami'an shige da fice a filin jirgi suna ganinsa. Shi ya sa wani ba ya sanin halin da yake ciki sai ya dawo daga hutu ko Umara. A jihohi da dama kuma rashin zuwa kotu kan laifin tuƙi na iya sa a dakatar da lasisi, wanda ga direba shi ne tukunyar gidansa gaba ɗaya.

Kada kunya ta hana mutum bincike, abin ya yi yawa ƙwarai. Rahoton Ma'aikatar Shari'a ta Amurka na 2015 ya nuna kotun garin Ferguson a jihar Missouri, garin da mutanensa ba su wuce 21,000 da wani abu ba, ta fitar da waranti sama da 9,000 a 2013 kaɗai, akasari kan ƙananan laifuka. A Agustan 2017, masu gabatar da ƙara na yankunan Bronx, Brooklyn, Manhattan da Queens a birnin New York suka sa aka soke tsofaffin waranti sama da 640,000 da suka haura shekara 10.

Wahalar binciken ita ce babu wuri guda da talaka zai duba ƙasar duka. Gundumomin Amurka sun haura 3,000, kusan kowace da kotunanta da ofishin sherif ɗinta, wato shugaban jami'an tsaron gunduma, kada a ɗauka sharifi ne. Don haka ka fara da tuna inda aka ba ka takardar, ba inda kake zaune yanzu ba. Wasu jihohi, irin su Pennsylvania da Maryland, suna da shafin intanet na kotuna inda ake neman shari'a da suna kyauta. Wasu sherif kan wallafa jerin waranti. Amma rashin ganin sunanka ba wanki ba ne: ba komai ake sawa ba, kuma Muhammad ɗinka ƙila ɗan sanda Mohamed ya rubuta. Gwada kowane rubutu. Mafi tabbas shi ne a buga waya ofishin magatakardar kotun, da lambar shari'a in tana hannu, ko lauya ya tambaya a madadinka. Abin da ban ba da shawara ba shi ne mutum ya taka ofishin sherif don ya tambaya kawai. In warantin na nan, jami'in da ke gabanka zai iya riƙe ka nan take.

Akwai kuma 'yan damfara. Za su kira ka da lambar da ta yi kama da ta hukuma, su ce akwai waranti a kanka, ka sayi katin kyauta na kanti ka karanto lambarsa. Kotu ba ta karɓar tara ta haka. Kashe wayar, ka nemo lambar magatakarda da kanka.

Sauke warantin kuwa aikin alƙali ne, yawanci a kotun da ta bayar. Lauya kan shigar da roƙon a janye shi a sa sabuwar rana. A California doka ta yarda lauya ya tsaya a madadin mutum a yawancin ƙananan laifuka ba sai ya zo ba. A babban laifi yawanci dole ka bayyana. New York ta tanadi jinkirin awa 48 kafin a ba da warantin a yawancin lokuta, amma wanda aka saki bisa sharaɗin zai dawo, in ya wuce kwana 30 bai bayyana ba, ana iya ƙara masa sabuwar tuhuma ta tsallake beli. Kwanakin farko suna da daraja ke nan.

A ganina, abin da ya fi komai nauyi shi ne yadda ka shigo ɗakin. Wanda ya zo da ƙafarsa, riƙe da tikitin jirgi da hatimin fasfo da takardar asibiti ko shaidar rasuwa, yana gaya wa alƙali cewa shi ba mai gudu ba ne tun kafin ya buɗe baki. Wanda aka kawo da ankwa bayan shekara uku, beli ma sai an yi gardama. Ka je da safe, farkon mako. Wanda aka tsare da yammacin Juma'a yana iya kaiwa Litinin a ciki. Ka shirya mai ɗaukar yara daga makaranta da wanda zai tsaya maka beli, ko da ba za a buƙata ba.

In tara ce ta gagare ka, faɗi gaskiya ka kawo shaidar abin da kake samu. Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Bearden da jihar Georgia a 1983 cewa ba a ɗaure mutum kan rashin biya sai an bincika ko yana da hali ya ƙi. Ana iya rarraba maka biyan ko a mai da shi aikin al'umma. Mara kuɗin lauya kuma, in tuhumar za ta kai ga ɗauri, yana da haƙƙin kotu ta ba shi.

Wanda bai zama ɗan ƙasa ba, nan zai ƙara nutsuwa. Kada ka amsa laifi don kawai a sallame ka ka koma aiki, domin amsawar na iya dawowa ranar neman katin zama ko takardar zama ɗan ƙasa, sai a ce an gudu ba a tsira ba. Tun hukuncin Padilla da jihar Kentucky a 2010, wajibi ne lauyanka ya faɗa maka ko amsa laifin zai iya jawo kora daga ƙasar. Tambaye shi ƙarara, in da hali ka ji ta bakin lauyan shige da fice kafin ranar.

Ranar da aka janye warantin, kada ka fita sai ka karɓi takardar shaida daga magatakarda. Kwamfutar 'yan sanda kan ɗauki kwanaki kafin ta goge sunan. Ajiye kwafi a mota, ka ɗauki hotonsa a waya, sannan ka rubuta sabuwar ranar zama da sunan watan a cike.