Koyar da gado da juyin halittar ɗan Adam

Wannan sashe ne na darasin kimiyyar halittu da ke nuna wa ɗalibi yadda siffofi ke bi daga iyaye zuwa 'ya'ya, da yadda suke sauyawa a cikin al'umma idan zamani ya yi tsawo. Manhajoji da yawa sukan raba shi gida biyu, gado daban, juyin halitta daban, alhali ɗayan ba ya fahimtuwa sai da ɗayan.

Darasin gado yakan fara ne da Gregor Mendel, malamin coci a birnin Brno, wanda ya yi gwaje-gwaje da wani nau'in wake daga 1856 zuwa 1863. Da ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan farko duk suka fito dogaye, amma a jikoki sai gajeren ya dawo, kusan 1 cikin 4. Ya wallafa sakamakon a 1866, ba a waiwaye shi ba sai 1900. Yanzu an san mutum yana da kuromozom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin jiki, 23 daga uwa, 23 daga uba.

Misalin da ya fi ɗaure ɓangarorin biyu shi ne sikila. Malami yakan zana akwati mai gida huɗu a allo, ya rubuta A da S a sama, wato uba, A da S a gefe, wato uwa. A ita ce ƙwayar gado ta lafiyayyen jini, S kuma ta sikila. Gida ɗaya zai fito AA, biyu AS, ɗaya SS, wato mai ciwon. A nan ne ɗalibai suke yawan tuntuɓe: sai su ɗauka in ma'aurata sun haifi huɗu, ɗaya ne tak zai kamu. Ba haka ba ne, kowane ciki da nasa lissafin. Shi ya sa ake ba su kwabo biyu su yi ta jefawa suna rubuta abin da ya fito, har su ga da idonsu cewa SS na iya zuwa sau uku a jere.

Daga nan tambaya take tasowa da kanta: tun da S na janyo ciwo mai tsanani haka, me ya hana shi ɓacewa? A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure wa mummunan zazzaɓin cizon sauro. Sun fi rayuwa har su haihu, sai S ya ɗore a inda zazzaɓin ya yi katutu, kamar Afirka, Indiya da Gabas ta Tsakiya. Abin da Charles Darwin ya bayyana ke nan a 1859: yanayi ne ke tace siffofin da aka gada.

Sauran hujjojin juyin halittar ɗan Adam na binne a ƙasa. An tono ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da aka laƙaba wa Toumaï a Chadi a 2001, mai shekara kusan miliyan 7, da ƙasusuwan wata da aka laƙaba wa Lucy a Habasha a 1974, masu shekara miliyan 3.2. A Laetoli ta Tanzaniya an ga sawun masu tafiya da ƙafa biyu a kan tokar dutse mai aman wuta, tun shekara miliyan 3.6.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne cewa mutum daga biri ya fito. Abin da masana ke faɗa shi ne mutum da biri chimfanzi sun haɗa kaka a can baya, kowa ya kama hanyarsa. Akwai kuma wanda littattafan makaranta da kansu suka daɗe suna maimaitawa, cewa iya naɗe harshe gado ne na ƙwayar halitta guda, bayan kuwa ana samun tagwaye masu kama ɗaya, wannan ya iya, wancan bai iya ba.

Wajibi ne malami ya yi hattara, domin a ajin nan akwai mai fama da sikila, akwai maraya, akwai ɗan riƙo. Bai dace a sa yaro ya faɗi rukunin jininsa a gaban 'yan aji ba, ko ya lissafa inda ya yi kama da iyayensa. Iyalin da aka ƙirƙira a takarda ya wadatar wajen aikin.