Hannun taga ya saki, taga ta ƙi buɗuwa: amsar tambayoyin da ake yawan yi min

Assalamu alaikum jama'a. Ni aikin alminiyam da gilashi nake yi anan cikin garin Bauchi, kuma duk shekara da hunturu ya kankama, daga Disamba har wajen Fabrairu, kira baya yankewa, wannan hannun tagarsa ya karye, waccan silaidin ɗinta, wato taga mai turawa gefe, ya ƙi motsi, wani kuma tun damina rabonsa da buɗe tagar ɗaki. Wlh da yawa daga cikin gyaran nan ba sai an kira mu ba, da sukurdireba da tsohon burushin haƙori zaka gama abinka. Shi yasa na tattaro tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su wuri ɗaya.

Tambaya: Hannun tagata yana ta lilo, wani lokacin in na murɗa sai ya juya kawai taga bata buɗe ba. Sabo zan saya?

Dakata tukuna. Fara duba notikan da suka riƙe shi, yawanci guda biyu ne, ɗaya yana a fili in ka ɗaga hannun, ɗayan kuma yana ɓoye ƙarƙashin wani ɗan murfin roba da zaka iya ɓamɓarewa da bakin wuƙa. In kwancewa kawai suka yi toh ka ɗaure da hannu, banda injin diril, dan shi ne ke cinye ramin. In kuma notikan a ɗaure suke amma hannun yana juyawa fayau babu nauyi, to abin daga ciki ne. Irin hannun da makullinsa ke cikin firam yana da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a bayansa, kaurinsa yawanci milimita 7, shi ne ke shiga cikin makullin ya juya shi. Cire hannun gaba ɗaya, ka sa sukurdireba mai faɗin baki a ramin da ƙarfen nan ke shiga ka murɗa a hankali, in kaji makullin ya motsa to hannun ne ya mutu, in shima ya juya a banza to makullin ciki ne ya tafi, ko sabon hannu goma ka saya bazai yi ba.

Amma ga abinda nafi so ku riƙe, hannu baya karyewa haka kawai. Tagar ce ta fara tauri, aka yi ta dannawa ana jijjigawa, yara su rataya, babba ya sa ƙarfi, shi kuma yawancin hannayen da ke kasuwa ƙarfen zubi ne mara ƙwari, baya lanƙwasa sai dai ya ɓalle. Kafin ka ɗaura sabo, tura tagar da tafin hannunka ka gani ko tana rufuwa lif ba tare da ta goga ko'ina ba. In bata rufuwa da kanta to sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Tambaya: Na ɗaure notin amma baya kamawa, ramin ya buɗe.

In tagar katako ce, tsoma tsinken ashana biyu ko uku a gam ɗin kafinta ka cusa a ramin, ka karye abinda ya fito, ka barshi ya kwana, da safe noti zai kama kamar sabo. In alminiyam ce wannan dabarar bata aiki, sai dai ka sa noti da ya ɗara tsohon kauri kaɗan ko ka kai wa mai alminiyam ya buga ribit, wato ƙusar da ake matsewa ta riƙe ƙarfe. Kuma in kaga farin gari kamar toka a gefen notin, alama ce an sa notin baƙin ƙarfe a jikin alminiyam ruwa ya shiga tsakaninsu suna cin juna, nemi na silba mara tsatsa ka musanya.

Tambaya daga wata Hajiya a Fadaman Mada: Silaidin ɗin falona sai mutum biyu sun ja, har ɗan makullin tsakiya ya ɓalle. Ko firam ɗin ne ya lanƙwashe?

Hajiya da wuya ace firam ne, ƙura ce da tayoyi. Kowane ƙyauren silaidin yana tafiya ne akan wasu ƴan tayoyi biyu na roba da ke ƙasansa, su kuma suna bin wani siririn layi. Ƙurar hunturu tana taruwa a layin nan, sai mai shara ta zo da jiƙaƙƙen tsumma ta goge, ƙura ta zama laka ta bushe kamar siminti, taya ta daina juyawa ta koma jan ciki, kwana kaɗan gefe ɗaya ya cinye ya zama shafaffe.

Kwanaki naje wani gida a Gwallameji, uwar gidan ta riga ta yanke shawarar a cire tagar baki ɗaya a yi sabuwa. Da na ɗaga ƙyauren na kwantar dashi akan tabarma, abinda na zaƙulo daga cikin taya ɗaya kawai, gashi ne da zare sun naɗe a jikin ƙusar tsakiya, ga ƙwallon dabino ya maƙale a lungun layin, ga matattun tururuwa cunkus. Taya ɗaya ta farfaɗo bayan wanki, ɗayar ta riga ta shafe aka canza. Yarinyar gidan ƴar shekara shida ko bakwai ce ta fara gwadawa, da yatsa biyu ta tura taga ta tafi har ƙarshe.

Yadda za'a yi, a samu mutum biyu, a ja ƙyauren zuwa tsakiya, a ɗaga shi sama sai ƙasan ya fita daga layi, a janyo ƙasan ciki sannan a sauko dashi. In ya ƙi ɗaguwa a duba sama, wasu akwai ɗan abin tokare da ake sawa dan kada ɓarawo ya ɗaga, sai an kwance shi. A share layin a bushe da burushi tukuna, sannan ruwa da omo, a bari ya bushe sarai. A duba ƴan ramukan da ke gefen waje na layin, na fitar ruwan sama ne, a tsokane su da tsinke, dan in suka toshe ranar da aka yi ruwan Agusta mai iska ta cikin ɗaki zai gangaro ya jiƙa bango. Tayar da ta shafe a canza duka biyun lokaci ɗaya. Wasu tayoyin suna da noti a gefen ƙyaure daga ƙasa, in ka murɗa yana ɗaga taga ko ya sauke ta, dashi ake saita makullin tsakiya ya faɗa daidai bakin abokinsa, kuma rashin wannan saitin ne ke sa ana danna makulli da ƙarfi har ya ɓalle.

Tambaya: Wane mai ya kamata in zuba? Ni dai man gyaɗa nake ɗigawa.

Dan Allah a daina. Man gyaɗa da manja da baƙin man inji, ranar farko zakaji daɗi, bayan sati biyu sun kwashi ƙura sun zama danƙo, wahalar ta ninka. A layin silaidin goga kyandir kawai ya wadatar, ko feshin silikon in kana da hali. Man feshin nan WD-40 yana da kyau wajen kwance abinda tsatsa ta cije, amma ka goge ragowar bayan ya gama aikinsa. Ramin ɗan makulli kuma garin bakin fensir ya fi komai, ka goga a jikin mabuɗin ka sa ka cire sau da yawa. Hinjin tagar baƙin ƙarfe ta mai walda ita ce ke son giris, shima ɗan kaɗan, bayan an wanke tsatsar da kananzir.

Tambaya: Tagata kesmen ce mai buɗewa waje, yanzu ƙasanta yana gogar firam sai na ɗaga kafin ta rufu, kuma iska na kaɗawa take bugowa.

Matsala biyu ce amma wuri ɗaya suka fito, wato hinjin nan mai kama da almakashi da ke sama da ƙasa. Buɗe tagar sosai ka leƙa cikinsa, akwai wani ɗan abu da ke zamewa a cikin layi, a jikinsa zakaga ƙaramin noti, sau da yawa ruwan tagulla. In taga na bugowa da iska ka ɗan ɗaure shi, kwatan zagaye kawai ka gwada, in kuma tayi tauri ka sassauta. Wannan kowa zai iya.

Saukar da take yi kuma, ko ribit ɗin hinji sun saki, ko tun farko an sa ƙaramin hinji ma babbar taga dan a rage kuɗi, kaga an sa mai inci 8 inda ya kamata a sa 12 ko 14, gilashi kuwa nauyi gareshi. Auna ƙyauren da tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon bai zo ɗaya ba to ƙyauren kansa ya karkace sai an kwance gilashi an saita. Canjin hinji ana yinsa ne biyu tare, kuma sai an huda tsofaffin ribit da diril, anan ina roƙonku in gidan bene ne ku kira mai aikin, dan da zarar ribit na ƙarshe ya fita nauyin duka yana hannun wanda ya riƙe, kuma ƙasa akwai mutane.

Tambaya: Tsohuwar luba ce a gidanmu, hannun ya cije gilasan basa motsi.

Luba tana da sauƙin kai. Zare gilasan ɗaya bayan ɗaya da tsumma a hannu dan bakinsu na yanka, ka jiƙa duk mahaɗar ƙarfen da kananzir ko WD-40, ka bashi kamar rabin awa, sannan kayi ta kaɗa hannun sama da ƙasa a hankali babu gilashi a ciki. Kada ka taɓa dannawa da gilashi a jiki. In ƙarfen ya ruɓe sai a sayi wani, ana saida shi bibbiyu dama da hagu, ka ƙirga gilashi nawa naka yake ɗauka kafin ka fita.

Tambaya: Tagar katako da damina bata rufuwa, da rani kuma har haske ake gani ta gefe. In sa kafinta ya fere?

Kada ya fere da yawa a tsakiyar damina, katako ruwa ya sha ya kumbura, in hunturu yazo zai koma, sai ka tashi da ƙaton gibi da ƙura da sauro zasu riƙa bi. Goga alli a bakin firam ka rufe ka buɗe, inda allin ya taɓa nan kaɗai za'a ɗan ci da samfefa. Maganin na gaskiya shine idan ta bushe da rani a shafe ta da fenti ko banish har saman da ƙasan da ido baya gani, ta nan ruwan ke shiga. In kuma bayan fenti ne taga ta manne, bi gefen da reza ka yanka fentin kafin ka tura.

Wani abu daban, in kaga tsaga a bango daga kusurwar taga tana hawa sama kuma taga ta fara matsewa, wannan ba aikinmu bane, gini ne ke danne firam, magini ko injiniya zaka nema.

Tambaya: In zan sayi sabon hannu me zan duba?

Ɗauki tsohon a aljihu ka tafi dashi shagon masu kayan alminiyam, hoto a waya baya isa. A gwada tazarar ramukan noti, da tsawon ɗan ƙarfen baya, kuma wasu hannayen akwai na dama akwai na hagu. Ka ɗaga kaji nauyinsa, ka murɗa kaji ko yana tsayawa daram, mai arha sosai sau biyu zaka saya.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Yelwa: Gidan haya nake, hannun ya karye maigida yaƙi gyarawa, nace ko in sa mai walda ya like tagar gaba ɗaya in huta da ƙura da ɓarayi?

Malam dan girman Allah kada kayi. Wannan tambayar ita tafi tayar min da hankali, saboda ina shiga gidaje ina ganin tagar ɗakin kwana an ɗaure da waya ko an buga mata ƙusa shekara da shekaru, ga ƙarfen bogilari a bayanta babu ko ƙofar fita. Lokacin sanyi mutane na shiga da kaskon garwashi ɗaki su rufe ko'ina, wasu na ajiye janareta a baranda dab da taga, iskar da ke fita daga gawayi da janareta kuma wadda ke kisa bata da wari bata da launi, mutum yana barci zata ɗauke shi. Garwashi da janareta dai wajensu waje ne, kada a shigo dasu ɗaki ko da taga tana buɗe. Ga gobara kuma, in wuta ta tare ƙofa taga ce kaɗai ta rage.

Ka sayi hannun da kuɗinka, ka ajiye rasit, ka yi wa maigida magana cikin mutunci ko zai cire a kuɗin haya, ko bai cire ba kai da iyalinka ne ke kwana a ɗakin. Kafin ka samu, sa ƴar ƙaramar sakata daga ciki wadda ko yaro zai iya zarewa cikin duhu. In kuma zaka kira mai walda, to ka kira shi ya yanka maka ƙofa a bogilarin ɗaki ɗaya aƙalla, ya sa mata hinji da kwaɗo, a rataye mabuɗin a ƙusa kusa da tagar inda hannun waje bazai kai ba, kowa a gidan ya san wurin. Kuma kafin ya kunna inji a cire gilashin ko a rufe shi da faranti ko jiƙaƙƙen buhu, a janye labule da katifa, dan tartsatsin walda yana huda fuskar gilashi ya bar ɗigo ɗigon baƙi da babu abinda ke goge su.